Ko M3U Ya Cancanci Shafi a Kundin Sani na Hausa?

Manomin rani a Kadawa ta jihar Kano yana tsaye a bakin magudana da sassafe yana ba tumatir ruwa, hannuwansa duk taɓo, wayar da ke aljihunsa kuwa tana karanto masa tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, zama na ɗaya, na biyu, na uku, ba tare da ya taɓa ta ba. Dole akwai abin da ke gaya wa wayar abin da zai biyo baya. Ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin yin hakan shi ne M3U, ɗan fayil na rubutu zalla wanda babu sauti ko kaɗan a cikinsa, sai jerin sunayen fayilolin sauti da inda aka ajiye kowanne. Ra'ayin wannan maƙala shi ne ya cancanci shafin kansa a kundin sani irin Wikipedia ta Hausa, kuma ƙanƙantarsa ba hujja ba ce a kansa.

Ma'aunin Wikipedia ba girman abu ba ne. Abin da ake nema shi ne majiyoyi amintattu, waɗanda ba su da hannu a cikin abin, su yi magana a kansa sosai. A nan M3U ba ya jin kunya. Ya fito ne tare da WinPlay3, manhajar cibiyar Fraunhofer ta Jamus inda aka yi aikin samar da MP3, sannan Winamp, da ta bayyana a 1997, ta yaɗa shi duniya. A 2009 kamfanin Apple ya gina hanyarsa ta watsa bidiyo ta intanet, HLS, a kan wani nau'insa mai suna M3U8, aka kuma wallafa bayaninta a takardar RFC 8216 a 2017. Ana yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, kowace 'yan daƙiƙoƙi, ana tanadar mai nauyi da marar nauyi, jerin kuma shi ke nuna wa waya inda kowace take. Shi ya sa idan sabis ya yi rauni a Bunkure, sau da yawa hoto ke dusashewa maimakon ya tsaya cak.

Za a ce mai tura waƙoƙi a memori a Panshekara, cikin Kumbotso, mai yiwuwa bai taɓa jin sunan M3U ba, folda yake buɗewa ya jera fayiloli da lamba. Gaskiya ne, amma rashin sanin suna ba ya raba mutum da tasirin abu. Ruwan da ke isa gonakin Kura yana tasowa ne daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, ya biyo babbar magudana, ya rarrabu ta ƙofofi zuwa ƙanana. Mai sayen shinkafa a kasuwa bai san ko ɗaya daga cikin ƙofofin nan ba, alhali su ke yanke wanda ruwa zai kai wa da lokacin da zai kai. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna cewa ba a fahimtar harkar finafinan Kano sai an duba hanyoyin da kaset ke bi, har da na 'yan kasuwar Ƙofar Wambai. Kundin da ya rubuta Mamman Shata ya bar hanyar da muryarsa ke isa kunne ya yi rabin aiki ne.

Suka mafi nauyi ita ce ta fifiko. Masu rubutu da Hausa ba su da yawa, tarihin noman rani na kogin Kano da na Hukumar Hadeja-Jama'are kuma ya fi kusa da rayuwarmu. Wannan magana tana da tushe, kuma abin takaici ne cewa ma'aunin majiya rubutacciya yana buɗe wa fasahar Turai ƙofa da sauƙi, ya bar ilimin da ke bakin manoma a waje. Sai dai shafin intanet ba ruwan Tiga ba ne da za a ce rabon wani ya rage na wani. Goge M3U ba zai rubuta Kadawa ba.

Ba kowane nau'in fayil ne zai samu wannan dama ba. Waɗanda kamfanin da ya ƙirƙiro su kaɗai ke ambatonsu, sakin layi ɗaya ya ishe su a shafin gama-gari kan jerin sauti. Shafin M3U kuwa kada ya zama fassarar inji. Ya fara da matsalar da mai sauraron tafsiri ya sani, wato yadda wasu na'urori ke kawo zama na 10 bayan na 1, kafin na 2, sannan ya nuna yadda layuka talatin na rubutu ke mayar da kowane zaman tafsirin azumi gurbinsa.