Ƙwayar Cuta Mai Canja Riga: Taƙaitaccen Tarihin Ciwon Barci

'Yan ajinmu ba za su manta da ranar da malamin kimiyya ya jera mu a layi a gaban madubin likita guda ɗaya tak da makarantarmu take da shi ba. Da layi ya zo kaina na kanne ido ɗaya na leƙa, sai na ga wata 'yar halitta siririya mai jela a tsakanin ƙwayoyin jini. Malam ya ce sunanta tiripanosoma, ita ce ke kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, ƙudan tsando kuma shi ke yaɗa ta. Da na koma gida hutu na ba mahaifina labari, sai ya yi shiru, can ya ce yana yaro ma'aikatan lafiya sun taɓa tara mutanen ƙauyensu kaf suna lalubar wuyansu, wanda duk aka samu da kaluluwa sai a ware shi gefe don allura. Ya ce wansa yana cikin waɗanda aka ware, kuma bai kai damina ta gaba ba. Tun daga ranar nake tambayar kaina, me ya sa jikin mutum, wanda yake warkewa daga ƙyanda har ya zama ba ya sake kamuwa, ya kasa wannan 'yar mitsitsiyar aba?

Ciwon ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. Ibn Haldun ya rubuta cewa Mari Jata, sarkin Mali, ya rasu wajen 1374 bayan wata cuta da ta riƙa sa shi barci ba ji ba gani. A 1803 wani likita a Saliyo, Thomas Winterbottom, ya lura cewa masu fataucin bayi ba sa sayen bawan da bayan wuyansa ya kumbura. Amma sai a 1895 David Bruce ya tabbatar a ƙasar Zulu cewa wannan ƙwaya ce ke kashe shanu, kuma tsando ke ɗaukar ta. A 1901 aka gan ta a jinin mutum a Gambiya, a 1903 kuma aka same ta a ruwan lakar masu ciwon barci a Uganda.

Wata alama ta wayon wannan ƙwaya ta bayyana a 1910 a birnin Liverpool na Ingila. Ronald Ross da David Thomson sun riƙa ƙirga ƙwayoyin cutar a jinin wani majinyaci kullum, sai suka ga abin mamaki: yawansu yakan hau, sai ya faɗi warwas kamar an gama da su, bayan kimanin mako guda kuma ya sake hawa. Wato dai jiki yana yaƙi, yana ma cin nasara, amma kullum 'yan tsirarun da suka tsira sai su dawo ba a gane su ba.

Kafin a warware wannan sirri, annoba ta afka wa Arewacin Nijeriya a shekarun 1930. Ayarin ma'aikatan lafiya sun bi gari gari suna duba miliyoyin mutane, kamar dai yadda mahaifina ya bayyana. A Anchau ta ƙasar Zazzau aka sassare kurmin bakin rafi inda tsando ke fakewa, aka haƙa rijiyoyi, aka tashi dubban mutane aka sake masu matsuguni, har aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. A farkon shekarun 1950 kuma aka buɗe cibiyar binciken wannan cuta ta Afirka ta Yamma a Kaduna, da reshe a Vom. Duk wannan aiki an yi shi ne ba tare da allurar rigakafi ba.

Dalilin rashin rigakafin ya fara fitowa fili a 1969, lokacin da Keith Vickerman ya gano cewa ƙwayar tana lulluɓe da wata riga mai kauri. A 1975 George Cross ya tace sinadarin da aka saƙa rigar da shi, wanda masana ke kira VSG. Kowace ƙwaya tana sanye da kimanin miliyan 10 na wannan sinadari, duk iri ɗaya. Garkuwar jiki kuwa da riga take gane abokin gaba: sai ta ɗauki kwanaki tana ƙera makamin da ya dace da wannan riga, sannan ta yi masu kisan kiyashi. To amma a cikin kundin gadonta ƙwayar tana da samfurin riguna fiye da 1,000, guda ɗaya take sawa a lokaci guda, kuma a cikin kowane taro akan sami 'yan kaɗan da suka riga suka canja. Su ne suke tsira su hayayyafa. Ka ga ma'anar hawa da saukar da Ross da Thomson suka ƙirga ke nan. Ɓarawo ne da ake cigiyarsa da farar riga, alhali yana tsakiyar kasuwa da shuɗiya.

Canja riga ma ba shi ne ƙarshen wayon ba. A 2007 aka nuna cewa idan makaman jiki suka manne wa ƙwayar, gudun da take yi a cikin jini yakan share su zuwa wani ɗan aljihu a gindin jelarta, ta haɗiye su. Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne yadda take toshe bakin masu gadi. A cikin hanta akwai fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu shi ne yin kururuwa idan baƙo ya shigo, ta hanyar sakin wani sinadari mai suna TNF. Wani bincike da aka yi a kan ɓeraye, aka buga a 2012, ya nuna cewa idan aka farfasa ƙwayoyin cutar na sahun farko, sai gawarwakinsu su haifar da wani saƙo na ƙarya a cikin masu gadin, wanda yake hana su kururuwar. Na gaba sun mutu, amma sun buɗe wa na baya ƙofa. Wani binciken na 2008, shi ma a kan ɓeraye, ya nuna cewa cutar tana hallaka ƙwayoyin da ke riƙe wa jiki tunanin cututtukan baya, har rigakafin wata cuta dabam da aka yi wa dabbar ya tashi a banza.

Saboda haka har yau babu allurar rigakafin ciwon barci. Abin da ya karya lagonsa shi ne naci: neman masu cutar gida gida, rage tsando, da gyara magani. Maganin melarsoprol da aka fara amfani da shi a 1949 yana da guba ƙwarai, yana kashe kimanin mutum 1 cikin 20 na waɗanda aka yi wa. A 2009 aka sami haɗin magani mai sauƙin illa, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da fexinidazole, ƙwayar da ake haɗiya. Masu cutar da aka ƙirga a duniya sun ragu daga kusan 40,000 a 1998 zuwa ƙasa da 1,000 a 2018. Ghana a 2023 da Chadi a 2024 sun sami shaidar cewa ciwon ya daina zama barazana ga lafiyar al'ummarsu.

Sai dai tarihi ya yi mana gargaɗi. A shekarun 1960 ma an zaci an gama da ciwon, aka saki jiki, ya dawo da ƙarfi a Kongo da Angola da kudancin Sudan. Sammore kuwa har yanzu yana cin dukiyar makiyayanmu. Cutar da ta iya ɓuya, mai ido ne kaɗai ke kama ta, idon kuwa a aji ake fara wasa shi. Don haka nake roƙon 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, idan an zo taron shekara ana lissafin bukatun makaranta, a sa madubin likita a sahun gaba, ko Allah ya sa cikin ƙannenmu a sami wanda zai ƙarasa amsa tambayar da na taso da ita.