Wasannin kwamfuta: Daga kaset zuwa wayar salula

Da yawa daga cikin wasannin da matasa ke bugawa a wayoyinsu sun samo asali ne daga shekarun 1980.

A 1982 ne aka fito da ƙananan kwamfutocin gida na Commodore 64 a Amurka, da ZX Spectrum a Burtaniya.

A shekarar ce kuma Kevin Toms ya fitar da Football Manager, wanda ya share fagen wasannin da mutum ke zama kociyan ƙungiya.

Shi kuwa Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro a Mosko, shi ne kakan wasannin jera tubala.

Sai dai waɗannan kwamfutoci ba su yaɗu a arewacin Najeriya ba.

A garuruwa irin su Ikara da Maƙarfi da Kudan, abin da 'yan shekarun 1990 suka fi tunawa shi ne Family Com, kwaikwayon na'urar Famicom da kamfanin Nintendo na Japan ya ƙera a 1983.

Akan jona ta da talabijin, a sa kaset ɗin Super Mario ko Contra.

Wasannin ba sa ajiye inda mutum ya tsaya. Da NEPA ta ɗauke wuta, sai a koma farko.

Bayan zuwan wayar salula a 2001, wasan maciji na Nokia ya shiga hannun waɗanda ba su taɓa kwamfuta ba.

Tsarin dai bai sauya ba: sauƙin koyo, wuyar ƙarewa. Shi ne har yau ke cinye lokacin yara da manya.