Daga Animasiyo zuwa Sitaj: Wa ke Koya wa Wa?

Ƴan uwana ɗalibai, duk wanda ya kusa kammala jami'a maganarsa guda ce: ina zan samu sitaj? Ni ma na yi wannan yawo. Bara na samu wata biyu a wani ofishin raya karkara a yankinmu na Madarunfa. Ranar farko aka fita da ni taron manoma. Shugaba ya karanta takarda da Faransanci, ya juyo ya ce: “Kai ɗalibi, faɗa musu.” Da na gama, wani tsoho ya ce mini: “Ɗana, irinku nawa munka gani? Kowa da littafinai, ya rubuta ya wuce.”

Maganar nan ce ta sa na koma tarihi, kuma tsoho bai yi ƙarya ba.

A farkon shekarun 1960, zamanin Diori Hamani, gwamnati ta kawo animasiyo, wato wayar da kan mutanen karkara, kuma ƙasar Maraɗi na cikin wuraren da aka fara. A 1962 aka kafa UNCC don bashi da ƙungiyoyin manoma, gyaɗa na tashe lokacin. Ma'aikata matasa suka bazu ƙauyuka. Da Seyni Kountché ya hau mulki a 1974, sai ya farfaɗo da samariya: samari na gina azuzuwa, suna dasa itace, suna aikin gayya. Ga kuma bautar ƙasa, sarwis sibik, inda mai difloma ke ba ƙasa shekara biyu, da yawa a aji suna koyarwa. A 1996 aka kafa ANPE don haɗa mai neman aiki da ma'aikata, har da sitaj na masu difloma. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi. Madarunfa, Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma kowace ta samu majalisarta, tana rubuta tsarin raya kanta. A 2010 Maraɗi ta samu jami'a.

Suna yana canzawa, amma dubi hanyar: kullum ilimi daga Yamai yake fitowa, da Faransanci, a kai wa talaka. Ba safai aka tura yaro a ce masa je ka koyo ba.

Alhali abin da ya fi sa duniya ta san ƙasar Maraɗi a fannin raya karkara, a gona ya tsaya da ƙafarsa. Tun shekarun 1980 manoma suka riƙa barin kututture ya tofo, suna gyara rassansa maimakon sarewa, har gao da kalgo suka dawo gonaki. Abin ya bi bakin manomi zuwa kunnen manomi, da Hausa.

Ni da nake karatun harshe, ga abin da ya fi damuna. A taron nan an ce “participation”, na fassara da “sa hannu”. Wata mata ta ce: “Hannu muna sa wa kullum. Baki ne ba a ba mu ba.” Rahoton da na rubuta bai da gurbin wannan magana, don haka ba ta shiga ba. Har yau ina jin kunyar haka.

A 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. To, sai mu gani a ƙasa. In ka samu sitaj a Jiratawa wajen masu noman rani, ko bakin tafkin Madarunfa wajen masunta, ka rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi. Kafin ka ɗaure kaya, ka tara su ka karanta musu rahotonka da Hausa, su gyara maka.

Ni dai ban yi ba. Hutun nan zan koma in nemi tsohon nan, da takardata a hannu.