MK Airlines: kamfanin dakon kaya ta sama da jita-jitar sayar da shi

MK Airlines tsohon kamfanin jiragen sama ne na dakon kaya, wanda wani matuƙin jirgi mai suna Mike Kruger ya kafa a shekara ta 1990. Ya fara aiki ne daga ƙasar Gana, amma babban ofishinsa ya kasance a kudancin Ingila. Jiragensa, samfurin DC-8 da Boeing 747, ba su ɗaukar fasinja, sai kaya tsakanin Afirka da Turai, musamman kayan lambu da furanni waɗanda ba su jure jira.

Yadda ya shiga matsala

Kamfanin ya sha fama da haɗurra. Jirginsa ya faɗi kusa da Kano a 1992, wani kuma kusa da Fatakwal a 2001. Mafi muni shi ne na ranar 14 ga watan Oktoba 2004 a Halifax ta ƙasar Kanada, inda ma'aikatan jirgin su bakwai suka rasu. A 2008 kuma man fetur ya yi tsada, har ganga ta haura dala 140. Tsofaffin jirage masu shan mai da yawa suka zame masa kaya. A watan Yuni na wannan shekara ya dakatar da zirga-zirga, ya shiga riƙon ƙwarya.

Mene ne riƙon ƙwarya?

A dokar Birtaniya, kamfanin da ya kasa biyan bashi ana iya damƙa shi hannun wani ƙwararre. Shi ke karɓar ragama daga shugabannin, kuma a wannan lokaci masu bin bashi ba su da ikon kai ƙara ko ƙwace kadara sai da izini. Burin farko shi ne a ceto kamfanin. In hakan ya faskara, a sayar da shi ko kadarorinsa a biya bashi. Tsarin ya yi kama da abin da dokar OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita, ke kira "redressement judiciaire".

Me ke kawo jita-jita?

Cinikin irin wannan kamfani a asirce ake yin sa, domin masu son saye kan sa hannu cewa ba za su fasa magana ba. Su kuwa ma'aikata na jiran albashi, ƴan kasuwa na son sanin ko kayansu zai tashi, masu sayar da mai na neman kuɗinsu. Inda babu bayani, sai ji-ta-ji-ta ta cike gurbi: yau a ce an samu mai saye, gobe a ce ya janye. Illarta babba ce, domin ɗan kasuwar da ya ji za a rufe kamfani yakan kai kayansa wani wuri, darajar kamfanin kuma ta ƙara faɗuwa. Abin dogaro kawai shi ne sanarwar mai riƙon da ta hukumar kula da sufurin jiragen sama.

Yadda ta kaya

MK ya samu mai zuba jari, kamfanin Transatlantic Aviation, jiragensa suka koma aiki cikin makonni kaɗan. Sai dai cinikin duniya ya ja baya a 2009, kayan dako suka ragu. A watan Afrilu na 2010 kamfanin ya daina aiki baki ɗaya, ƙasa da shekara biyu bayan an ceto shi.