Yadda ake gano matsalar giyar baya a tsohon injin yankan ciyawa na hawa

Injin yankan ciyawa mai gangar wuƙaƙe shi ne wanda ake amfani da shi a filayen wasan golf da kurket, inda ake son ciyawa ta kwanta sumul kamar darduma. Wani Bature mai suna Edwin Budding ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1830 a kusa da garin Stroud na ƙasar Ingila, bayan ya lura da wata na'ura da ke aske gashin ulu a masaƙa. Kamfanin Ransomes na garin Ipswich ya fara ƙera shi a 1832, kuma a 1902 ya fitar da mai amfani da fetur. Daga baya kamfanonin Amurka irin su Toro da Jacobsen suka shahara da ƙera waɗanda ake hawa a tuƙa.

Yankansa irin na almakashi ne: ganga mai murɗaɗɗun wuƙaƙe tana juyawa tana goga wata wuƙa da ke kafe a ƙasa. Da yawa daga cikin tsofaffin injinan nan suna aiki har yau saboda ƙarfin ƙarfensu, sai dai akan iske injin yana tafiya gaba lafiya lau, amma ya ƙi komawa da baya. Inji mai nauyi da ba ya ribas wahala ne, domin duk inda ya ci karo da bango ko bishiya sai an taru an ja shi da hannu.

Ƙa'idar farko

Muddin injin yana tafiya gaba da ƙarfinsa, to injin kansa da tayoyi da sandar da ke juya su duk lafiyarsu ƙalau, tunda gaba da baya tarayya suke yi a kansu. Laifin yana cikin 'yan sassan da ribas kaɗai ke amfani da su, kuma akasarinsu a waje suke, ido na ganin su. Saboda haka kwance giyabos shi ne mataki na ƙarshe. Wanda ya fara da shi yana iya rasa ido garin neman gira, domin kayan cikin tsohon giyabos wuyar samu gare su.

Kafin a sa hannu

A ajiye injin a wuri mai shimfiɗe, a kashe shi, a cire wayar fulogi, a tare tayoyin gaba da katako. A tabbatar an cire gangunan wuƙaƙe daga aiki, kuma kada a kai yatsa kusa da su, domin ganga na iya datse yatsa ko da hannu aka juya ta. Idan za a ɗaga bayan injin, a ɗora shi a kan abin tokara mai ƙarfi, kada a dogara da jak kaɗai. A kuma lura da sifana: injinan Amurka da ma'aunin inci aka yi notinansu, tsofaffin na Ingila kuwa da yawansu ma'aunin Whitworth ne, kuma sifana ta milimita tana cinye kawunansu.

Abin da alamu ke nunawa

Idan sandar giya ta ƙi shiga ribas, ko kuma tana lilo ba ta jin komai, a duba ƙarafunan da suka haɗa ta da giyabos. Idan ta shiga, injin yana ƙara amma bai motsa ba, ko ana jin ƙaurin roba, to bel ne ko faifan roba ke zamewa. Idan ana jin gurzar haƙora, ko giyar tana fita da kanta, matsalar ta kuloci ce ko ta cikin giyabos. Idan kuwa injin ya ja baya kaɗan ya cije har ya nemi mutuwa, wani abu ne ke riƙe shi.

A wannan hali na ƙarshe a fara da birki. Birki mai ɗamara yakan fi kamawa ta ɓangare guda, don haka wanda bai saki sosai ba yana iya barin injin ya yi gaba ya hana shi baya. Sannan a ɗaga gangunan sama a sake gwadawa, domin gangar da ta karkace ko nadinta ya cije takan kafe a ƙasa idan aka ja da baya.

Sandar giya da ƙarafunanta

Mutum ɗaya ya riƙa motsa sandar, wani yana kallon inda ta ƙare a jikin giyabos. Shekaru suna faɗaɗa ramuka, suna cinye kusoshi, suna lanƙwasa ƙarfe, har tafiyar sandar ta ƙare kafin ta isa ribas. A ɓalle ta a tura hannun giyabos ɗin kai tsaye. In ya shiga, gyaran bai wuce sauya kusa, miƙe ƙarfe da shafa giris ba.

Masu bel ko faifan roba

A wasu injinan, ribas yana da nasa bel ko faifai mai bakin roba da ake dannawa a jikin fuli. Bel mai siffar V da gefunansa yake kamawa. Idan ya nutse har ya taɓa ƙasan fuli, ko gefunansa sun yi ƙyalli, ko ya jiƙe da mai, to ya gama aiki. A sayi daidai faɗinsa da tsawonsa, domin mai faɗin rabin inci ba ya zama a gurbin mai inci biyar bisa takwas. A duba sifirin da ke ɗaure shi, a kuma juya ƙaramin fulin da ke danna shi don a ji ko borisinsa ya cije. Faifan da robarsa ta cinye ko ta tsage, sauya shi ake yi. Matse shi fiye da kima yana sa injin ya riƙa jan baya da kansa ko da yana firi, kuma wannan haɗari ne.

Masu giyar haƙora

A nan ana samun ribas ne ta hanyar ƙaramar giya da ke shiga tsakanin wasu biyu ta juya akalarsu, ko kuma ta 'yar sarƙa a cikin giyabos. Abin da ya fi lalata su shi ne sa ribas kafin injin ya tsaya cak. A fara daidaita kuloci, domin wanda ba ya saki gaba ɗaya yana sa haƙora su yi ta gurza. Daga nan a tsiyaye man, in mai ruwa ne, a duba. Ɓurɓushin ƙarfe a ciki shaida ce cewa lokacin buɗewa ya yi. A ɗauki hoton kowane mataki, a jera sassan bi da bi yadda aka fitar da su.

Masu tafiya da matsin mai

Injinan baya-bayan nan suna tafiya da famfon mai maimakon haƙora, kuma da yawansu da gangan aka yi ribas ɗinsu bai kai gaba sauri ba. A duba yawan man da launinsa: mai kumfa alamar iska ce, mai launin madara alamar ruwa. A tabbatar bawul ɗin da ake buɗewa don tura injin da hannu a rufe yake ruf, a sauya matatar mai, a kuma duba ko laka ko ciyawa na hana fedar kaiwa ƙarshen tafiyarta ta baya. Idan ƙarfin yana raguwa ne bayan man ya yi zafi, famfon ya sha jiki, sai ƙwararren bakanike.

Ga mai saye

Duk wanda zai sayi irin wannan inji na hannu, ya bari ya yi zafi sosai, sannan ya hau ya gwada ribas a ɗan hawa, ba sau ɗaya ba. Ya kuma rubuta lambar samfuri da ke kan farantin jikin injin da na giyabos, domin sau da yawa kamfanoni daban ne suka ƙera su, kuma da waɗannan lambobi ake neman littafin gyara da kayan maye.