Tarihin Kwangilar Gwamnati a Najeriya

Kwangila baƙuwar kalma ce a Hausa. Daga Turanci ta shigo, zamani ɗaya da jirgin ƙasa da ma'aikatar ayyuka ta Turawan mulkin mallaka. Kafin zuwanta, idan sarki zai ɗaga ganuwa ko ya gina masallaci, Sarkin Magina yake kira, unguwanni da ƙauyuka kuma su ba da mutanen da za su kwaɓa ƙasa su yi tubali. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, gwanintarsa ce ta ba shi aikin, kuma sarautar ta zauna a gidansa.

Abin da ya sauya wannan tsari shi ne baitulmalin En'e, wanda aka fara gwadawa a Katsina kafin ya bazu zuwa sauran masarautu. Da haraji ya koma kuɗi, aka soma rubuta kasafi, sai aikin hukuma ya zama abin da ake yi wa farashi a takarda. Manyan kaya, irin su injuna da ƙarafan dogo, ofishin Crown Agents da ke Landan ne yake sayo wa gwamnati, manyan gine-gine kuwa ma'aikatar ayyuka ce take yi da leburorinta. Abin da ya rage wa ɗan ƙasa shi ne kawo yashi da tsakuwa da azara, ko hatsin gidan yari da na asibiti, ko ginin aji biyu a ƙauye. A nan ɗan kwangila na farko ya koyi sana'arsa. Har yau akwai unguwa a Zariya da ake kira Kwangila.

A shekarun 1950, gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati da kasuwanci, wasu fatake da dillalan gyaɗa suka juya zuwa gini da sufuri. A tarayya kuwa, dokar kula da kuɗin gwamnati ta 1958 da takardun umarni na baitulmali su ne suka zama madogarar kwamitocin bayar da kwangila. Umarni ne na cikin gida, wanda ya fito da shi yana iya janye shi, kuma ɗan kwangilar da aka zalunta ba shi da takamaiman wurin kai ƙara. Tun a Jamhuriya ta Farko aka san maganar kaso goma cikin ɗari da ake yanka wa mai sa hannu ko jam'iyyarsa.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ne suka fito da girman ɓarakar. A ƙarshen mulkin Janar Yakubu Gowon, hukumomin gwamnati suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, wajen miliyan 16 daga Ma'aikatar Tsaro kaɗai, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. A 1975 jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, kowanne ana lissafa masa kuɗin jira na kullum, wani simintin har ya daskare a cikin jirgi. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa kwamitin bincike. Amma ɗabi'ar ta riga ta kafu: mai uwa a gindin murhu ya karɓi takardar kwangila ba shi da ko cebur, ya sayar wa wani, wannan ma ya sayar, mai aikin na ƙarshe ya tarar abin da ya rage bai isa sayen rodi ba. Wani kuma ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya zuba tifa biyu ta yashi, ba a sake ganinsa ba.

Gyaran ya soma ne bayan komawa mulkin farar hula a 1999. Binciken da aka yi tare da Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a kowace naira ɗaya da aka kashe a kwangila, kwabo 60 na salwanta ta hanyar aringizo da kashe-mu-raba. A 2001 Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa wani sashe a fadarsa don tantance farashi, wanda Oby Ezekwesili ta shugabanta har aka yi mata laƙabi da Madam Due Process. Sashen ya rage farashin ayyuka da dama, sai dai ba doka ce ta kafa shi ba. Wannan giɓi aka cike ranar 4 ga Yuni, 2007, lokacin da Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya sa hannu a Dokar Sayen Kayan Gwamnati, wadda ta haifar da hukumar kula da sayen kayan gwamnati, wato BPP.

A yadda ta fito a 2007, dokar ta ce a tallata aiki a jaridu biyu na ƙasa da mujallar kwangilolin tarayya, a ba masu nema mako shida, a ba da aikin ga mai mafi ƙarancin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Ta taƙaita kuɗin kafin alƙalami a kashi 15 cikin ɗari, kafin dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30 ga 'yan kwangilar gida, ta kuma tanadi ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba ga jami'in da ya karya ta. Ranar buɗe tayi, ana kawo akwatin da aka jefa takardu a ciki gaban jama'a, a buɗe shi da zarar wa'adi ya cika. Sakatare ya yage ambulan ɗaya bayan ɗaya, ya karanta sunan kamfani da farashinsa da ƙarfi, wakilan kamfanoni suna rubutawa, 'yan sa ido biyu daga waje suna zaune. Wanda ya iso bayan an rufe akwati, da ambulan ɗinsa zai koma gida.

Tsarin ya zo da tasa wahalar. Kafin a dubi farashin mutum, sai ya nuna rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardun hukumomin fansho, da asusun horar da ma'aikata, da inshorar ma'aikata, da shaidar shiga kundin 'yan kwangila na BPP. Kafinta mai shekara talatin yana haɗa kujerun makaranta na iya faɗuwa saboda takarda ɗaya da wa'adinta ya ƙare, kamfanin da ba shi da ko zarto ya tsallake. Daga nan wata sabuwar sana'a ta tsiro, ta masu shirya wa mutane takardun tayi a kan lada, da masu shirya bita.

Jami'an gwamnati su ma sai da aka koyar da su, domin a da kowane akawu ko ma'ajin sito yana iya zama mai sayen kaya. Aka ware jami'an saye a matsayin rukuni na musamman a aikin gwamnati, BPP tana yi musu horo da jarrabawa. Daga 2020, wani shiri mai suna SPESSE da Bankin Duniya ya tallafa ya buɗe cibiyoyin koyar da fannin a jami'o'i shida, ciki har da ta Ahmadu Bello da ke Zariya da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi. Jihohi kuma suka yi nasu dokokin, kamar Kaduna a 2016. A 2017 wani umarnin shugaban ƙasa ya ce a kashe aƙalla kashi 40 na kuɗin sayen wasu nau'o'in kaya a kan waɗanda masana'antun gida suka yi.

Horon ya fi karkata ga jami'ai fiye da ƙananan 'yan kwangila, kuma kusan duk da Turanci ake yin sa. Biyan kuɗi ma bai gyaru yadda dokar ta so ba: ta ce idan an wuce kwana 60 ba a biya ba a ƙara wa ɗan kwangila kuɗin jinkiri, amma mutane da yawa sukan shekara suna bin fayil daga ofis zuwa ofis. Majalisar ƙoli da dokar ta tanada don sa ido a kan BPP ta yi fiye da shekara goma ba a ƙaddamar da ita ba, kuma a duk tsawon lokacin majalisar ministoci ce ta ci gaba da amincewa da manyan kwangiloli a zamanta na ranar Laraba.