Yadda Rawar Jazz Ta Bar Zauren Savoy Ta Koma Ajin Yara

Tun da fim ɗin Uprooted ya fito a 2020, malaman rawa a Amurka ke ta ja-in-ja a kan tambaya ɗaya: abin da ake koya wa yara da sunan jazz, jazz ɗin ne kuwa? Duk wanda ya leƙa irin wannan aji zai gane dalilin tambayar. Yara 'yan shekara takwas zuwa sha biyar, akasarinsu mata, sun yi sahu gaban madubi da takalma masu taushi, malama na ƙirga biyar, shida, bakwai, takwas. Ana motsa kai, a motsa kafaɗa, a motsa ƙugu, sannan a ratsa ɗakin bibbiyu ana juyi ana cilla ƙafa. Waƙar da ke tashi kuwa ta zamani ce, ko ƙaho ɗaya na jazz babu a ciki.

Asalin rawar ba a gardama a kansa, na bayin Afirka ne: gwiwa a lanƙwashe, jiki a sunkuye, ƙafa na amsa kiɗa. A 1740 Carolina ta Kudu ta hana bayi riƙe ganga, aka koma tafi da buga ƙafa. A New Orleans ana taruwa ranar Lahadi a dandalin Congo. Daga nan sai tarihin ya yi ta tsalle, har zuwa 1923 da wasan Runnin' Wild ya watsa rawar Charleston.

Inda labarin ya yi armashi shi ne Savoy, zauren rawa da aka buɗe a unguwar Harlem ta New York ranar 12 ga Maris 1926. Baƙaƙe da farare suna shiga tare, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Dandamalin makaɗa biyu ne, wannan ƙungiya na ajiyewa waccan na ɗauka, don kada kiɗa ya yanke. A nan rawar Lindy Hop ta girma. To su wa suka koya wa yaran Harlem? Babu kowa. Norma Miller tana ƙarama gidansu na bayan Savoy, daga tsanin gidan take hango masu rawa ta taga, ta shiga ɗaki ta gwada. Tana shekara 12, a 1932, wani gwanin rawa ya gan ta tana takawa a bakin titi ya ja ta ciki. Kafin ta cika ashirin ta kai rawar Turai. Koyon ido ne, irin yadda yarinya ke ɗaukar gaɗa a dandali ba tare da an zaunar da ita ba.

Littattafai da yawa suna cewa Jack Cole ne uban rawar jazz ta dandamali, wai daga gare shi ajin ya samo asali. Ba na raina Cole. Ya koyi rawar zamani a makarantar Denishawn, ya naƙalci rawar Indiya, ya kwaso takun Harlem, ya haɗa su. A 1944 ya fara horar da 'yan rawa a kamfanin fim na Columbia, shi ne kuma ya tsara wa Marilyn Monroe rawarta a wani fim na 1953. Amma ƙwararru yake horarwa, manya, kuma an san shi da zafin rai. Ba uwar da za ta miƙa masa 'yar shekara bakwai. Sannan motsa gaɓa ɗaya ita kaɗai, wanda kowane aji ke farawa da shi yau, Katherine Dunham na da babban rabo a ciki. Ta yi bincike a Haiti da Jamaika a 1935 da 1936, ta dawo ta mayar da abin da ta gani darasi, ta buɗe makaranta a New York a tsakiyar shekarun 1940. Me ya sa ba a ce mata uwar rawar ba? Amsar ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya san Amurka ta wancan zamani.

Wasu kuma suna ɗora mutuwar zaurukan rawa irin Savoy a kan kiɗa: wai salon bebop ya yi sauri da murɗiya har ƙafa ta kasa binsa, matasa suka watse. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ni na fi zargin haraji. A 1944 gwamnatin Amurka ta sa harajin kashi 30 cikin ɗari a kan wuraren da ake ci ana sha ana rawa, daga baya ta rage zuwa 20. Wurin da kiɗa kawai ake saurara ba ya biya. Masu kulob ba wawaye ba ne, suka jera tebura a filin rawa. Savoy ta yi ta jan ƙafa har 1958, aka rufe ta, aka rushe, aka gina gidaje. Makarantar da ba ta karɓar kuɗin darasi ta mutu ke nan.

Waɗanda suka cike gurbin malamai ne masu tsari. Eugene Faccuito, wanda aka fi sani da Luigi, ya yi mummunan hatsarin mota a 1946, jikinsa ya shanye. Don ya sake tsayuwa da ƙafafunsa ya ƙirƙiro motsa jiki daki-daki, a hankali, ba tare da riƙe sandar bango ba. Wannan jinya ce ta zama darasi, wanda ya tafi da shi New York a 1956. Abin da aka tsara don raunanniyar gaɓa ya dace da gaɓar yaro da ba ta gama ƙwari ba, kuma a ganina nan ne ainihin mafarin ajin yara. Gus Giordano kuma ya buɗe makaranta a Evanston kusa da Chicago a 1953, ya fitar da littafi a 1975 wanda malamar ƙaramin gari za ta buɗe ta bi. Iyaye suna son abin da ke da mataki, da wasan ƙarshen shekara, da shaidar an ci gaba. Aka ba su. Fim ɗin Fame na 1980 da tashar MTV suka ƙara tunkuɗo yara.

Faransa ta wuce kowa wajen tsari. Almajirin Cole, Matt Mattox, ya zauna can ya koyar shekaru da dama, kuma dokar 10 ga Yuli 1989 ta ce ba mai koyar da jazz don kuɗi sai da takardar shaidar gwamnati. 'Yan shekara huɗu da biyar wasan motsa jiki kawai, shida da bakwai share fage, rawar sosai sai an kai takwas. Ƙa'idar tana kare gwiwa da bayan yara, ban ga laifinta ba. Abin da ya salwanta a hanya shi ne ƙirƙira nan take, wato yaro ya ji kiɗa ya amsa da abin da ba a koya masa ba. Madubi ba ya koyar da wannan.

Gwanayen Savoy kuwa ba wanda ya neme su lokacin da ake rubuta manhajojin. Frankie Manning, wanda ya fara cilla abokiyar rawa sama a Lindy Hop, gidan waya ya koma ya yi shekara talatin yana aiki. Sai a tsakiyar shekarun 1980 wasu matasa suka lalubo shi suka roƙe shi ya koya musu. Ya haura saba'in a lokacin, bai taɓa ƙirga taku ba, sai da ya koyi yadda ake fasa rawarsa gida takwas-takwas. Daga 1989 yana zuwa ƙauyen Herräng na ƙasar Sweden kusan kowace bazara yana koyarwa, har ya rasu a 2009.